Ƙarfe, Iska da Buhun Yuriya: Yadda Taki Ya Iso Gonakin Gaya

Tarihin bakan Kano da maƙeran Gaya ya fara. Abagayawa, in ji masu riƙe da labarin, sun taso daga Gaya suna neman tama, suka same ta a gindin Dala, suka kafa zuga-zugi, gari ya biyo baya. Kowa ya san fartanya da garmar da ƙarfe ya ba manomi. Abin da ba a faye ambata ba shi ne, duk buhun yuriyar da ake saukewa a Gaya ko Ajingi da damina, sai da ƙarfe ya sa hannu kafin a same shi.

Yawancin ƙasar wannan yanki jigawa ce, rairayinta ba ya riƙe abincin shuka. Abin da gero da dawa suka fi nema shi ne naitirojin, wanda idan ya yi ƙaranci ganye ya koma ruwan ɗorawa, kara ya tsumbure. Ga shi kuwa kashi 78 cikin ɗari na iskar da ke kaɗawa a gonar naitirojin ne, sai dai a ɗaure yake bibbiyu, ɗaurin da saiwar hatsi ba ta iya kwancewa. Kakanninmu ba su san sunansa ba, amma sun san ta inda yake shigowa. Da rani jakuna na jigilar takin gida a mangala, a jibge shi tsibi-tsibi. Bayan girbi a roƙi Fulani su kwana da shanu a gona. Gawo ba a sare shi, don an ga yadda gero ke yin baƙi a ƙarƙashinsa. Wake da gyaɗa kuma a ratsa su cikin hatsi.

Dalilin wannan na ƙarshe sai a 1886 wasu Jamusawa biyu, Hellriegel da Wilfarth, suka bayyana shi. Wanda ya taɓa tuge gyaɗa ya ga 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwarta. A cikinsu wasu ƙananan halittu ke zaune, suna da sinadarin da ke kwance ɗaurin naitirojin ba wuta ba inji, kuma a tsakiyar sinadarin ƙarfe ne da molibdinam. Irinsa masana ke kira katalis. Aikinsa na dillali ne: ya haɗa biyun da ba za su daidaita da kansu ba, ciniki ya faɗa, shi ya tashi yadda ya zo ya tari wasu. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya ɓarke a shekarar da ta biyo, manoman gabashin Kano suna noman kuɗi ne da shukar da ke samo naitirojinta daga iska.

A daidai waɗannan shekaru ake fafutukar yin haka a masana'anta. Cikin watan Yulin 1909, a Karlsruhe ta Jamus, Fritz Haber ya haɗa naitirojin da haidirojin, amoniya, wadda da ita ake yin yuriya, ta ɗigo. Katalis ɗinsa osmiyam ne, ma'adinin da bai taka kara ya karya ba a duniya saboda ƙarancinsa. Kamfanin BASF ya ɗora wa Carl Bosch ƙera tukunyar da za ta jure matsi, Alwin Mittasch kuma ya yi gwaji dubbai yana neman madadi, har ya dace da wata tama ta ƙasar Suwidin. Ƙarfe ne dai, da ɗan abin da aka barbaɗa masa don ƙara kuzari. A 1913 masana'antar Oppau ta fara aiki, a zafin da ya haura digiri 400 da matsin da ya ninka na iskar duniya kusan sau 200. Ba da daɗewa ba yaƙi ya tashi, amoniyar ta koma albarushi da bam. Haber ɗin nan shi ya jagoranci sakin iskar guba a Ypres a 1915, kuma shi aka ba kyautar Nobel ta 1918. Alherin da bincikensa ya yi wa masu yunwa ba ya wanke wancan jini.

Takin zamani ya daɗe kafin ya zama ruwan dare a nan. Shirin Ciyar da Ƙasa na 1976 da tallafin taki daga kuɗin man fetur su suka saba wa manomi da shi, sai hukumar KNARDA da kamfanin KASCO a farkon shekarun 1980. NAFCON ta Onne a Jihar Ribas ta fara yin yuriya a 1987, ta durƙushe a 1999. Masana'antar takin Indorama ta zo a 2016, sannan masana'antar Ɗangote ta Lekki a 2022, mai ƙarfin tan miliyan uku a shekara.

To me ya sa har yanzu ƙaramin manomi ke sayen taki a kwano? Naitirojin kyauta ne, haidirojin ne mai tsada. Daga iskar gas ake tatso shi, a kan wani katalis na nikel, don haka farashin buhu yana bin gas da dala, kamar yadda aka ɗanɗana a 2022 da yaƙin Rasha da Yukiren ya tashi. Yin amoniya kaɗai na fitar da fiye da kashi ɗaya cikin ɗari na iskar kabon da duniya ke fitarwa. Sannan yuriyar da aka watsa a saman ƙasa mai zafi ba a binne ba, wani kasonta iska yake komawa, kuɗin manomi ya bi shi.

Akwai hanyar da ba ta buƙatar gas, kuma tsohuwa ce: a raba ruwa da lantarki a samu haidirojin. Masar ta yi haka a Aswan tun 1960, da wutar madatsar Nilu. Yau an dawo kanta da hasken rana, har da wata manufa ta biyu. Haidirojin ba ya zama ruwa sai sanyi ya kai digiri 253 ƙasa da sifili, amoniya kuwa 33 ya ishe ta, kuma kusan kashi 18 cikin ɗari na nauyinta haidirojin ne. Shi ya sa ake son mayar da ita ma'ajiyarsa, a loda ta a jirgi, a can wani katalis ya sake warware ta. Wannan ya kamata ya dame mu, domin ranar da jiragen ruwa suka koma ƙona amoniya a matsayin mai, da su manomin Ajingi zai riƙa tayin abin da yake zuba wa dawarsa.

A 2023 an kafa wata ƙaramar masana'anta kusa da Naibasha a Kenya, tana yin kimanin tan guda na amoniya a rana da wutar sola, don amfanin gonar da take ciki. Rana ba ta yi wa Gaya ƙaranci ba. Abin da ke hana irin wannan araha har yanzu shi ne tsadar na'urar raba ruwa, da rashin katalis mai aiki sosai a sassauƙan zafi da matsi. Bincike ne da ya cancanci ɗakunan gwajin jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, maƙwabciyar Gaya, su sa hannu a ciki.