Daga Titin Azusa Zuwa Sabon Gari: Taƙaitaccen Tarihin Kiristocin Fentikos

Gabatarwa

A watan Oktoba na shekarar 1991 ina ƙaramin ma'aikaci a Kano lokacin da tarzoma ta ɓarke a kan zuwan wani mai wa'azin Kirista ɗan ƙasar Jamus, Reinhard Bonnke. An yi asarar rayuka da dukiya masu yawa, taron kuma bai yiwu ba. Da ƙura ta lafa muka koma ofis, sai na tari wani abokin aikina, akanta, dattijo a cocinsu, na ce, "Malam, wai me ya kawo mutumin nan naku?" Ya dube ni ya ce, "Malam, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Shi ɗan Fentikos ne, mu kuwa 'yan Mishan ne." Shekarunmu shida muna cin abinci tare, amma ban san abin da yake nufi ba. Kunyar da na ji ranar ita ta sa na shiga binciken da wannan maƙala ta taƙaita, don amfanin malaman makaranta da dattawa waɗanda yara ke kawo wa tambaya.

Ma'anar Sunan da Aƙidarsu

Fentikos kalma ce ta Girkanci mai nufin "na hamsin". Sunan wani idi ne na Yahudawa da ke zuwa kwana hamsin bayan Idin Ƙetarewa. Littafin Ayyukan Manzanni, sura ta 2, ya ba da labarin cewa a irin wannan rana Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa almajiran Annabi Isa (A.S.), wanda Kirista ke kira Yesu Almasihu, suka kama magana da harsunan da ba su koya ba. Duk Kirista sun yarda da wannan labari. Inda aka rabu shi ne, da yawa daga tsofaffin ɗariƙu sun ɗauka irin waɗannan baye-baye sun ƙare tare da manzanni, su kuwa 'yan Fentikos suka ce har gobe suna nan ga duk wanda ya nema.

A kan wannan suka gina aƙidarsu. Na farko, dole mutum ya tuba da kansa, abin da suke kira maya haihuwa. Na biyu, bayan tuba akwai wani mataki da suke kira baftismar Ruhu Mai Tsarki, kuma mafi yawansu na ganin alamarta ita ce magana da harsuna. Na uku, sun yi imani da warkarwa ta hanyar addu'a, da annabci, da fitar da miyagun ruhohi. Na huɗu, suna tsammanin dawowar Almasihu ta kusa. Wannan ne dalilin ɗaga murya, da kiɗa, da addu'ar dare da mai karatu ke ji daga cocinsu.

Mafari a Amurka

A ranar 1 ga Janairu, 1901, a wata ƙaramar makarantar Littafi Mai Tsarki a garin Topeka na jihar Kansas, wata ɗaliba mai suna Agnes Ozman ta yi magana da harsuna. Malaminta, Charles Parham, shi ya fara koyar da cewa wannan ce shaidar baftismar Ruhu. Amma ba a hannunsa abin ya bunƙasa ba. A 1905 ya buɗe wata makaranta a Houston, inda wani baƙar fata, William Seymour, ɗan 'yantattun bayi, mai ido ɗaya, ya zo neman karatu. Saboda dokar wariyar launin fata, a wajen aji yake zama yana saurare ta ƙofa.

A 1906 aka gayyaci Seymour wa'azi a Los Anjelis. Da masu cocin suka ji koyarwarsa sai suka kulle masa ƙofa. Ya koma yin taro a gidan wasu bayin Allah, da jama'a ta yi yawa a watan Afrilu suka kama wani tsohon gini mai lamba 312 a titin Azusa, wanda aka taɓa mai da shi rumbun ajiya da bargar dawaki. Kusan shekara uku ana taro a nan dare da rana. Abin da ya fi ba mutanen zamanin mamaki shi ne ganin baƙi da farare, maza da mata, suna addu'a wuri ɗaya, baƙar fata na jagora. Jaridu suka yi ta yi musu ba'a, ba'ar kuwa ta zame musu talla.

Haɗin kan bai daɗe ba. A 1914 aka kafa Assemblies of God, wadda akasarin shugabanninta farare ne, a 1916 kuma aka sake rabuwa a kan aƙidar Triniti. Seymour ya rasu a 1922, 'yan mabiya kaɗan suka rage masa.

Yaɗuwa a Duniya

Kuskure ne a ce daga Amurka kaɗai wutar ta tashi. An yi irin wannan falkaswa a Wales a 1904, da Indiya a 1905 a gidan marayu da zawarawa na Pandita Ramabai, da Pyongyang ta Koriya a 1907, da Chile a 1909. A 1910 wasu 'yan Suwidin biyu suka sauka Belem ta Birazil, daga aikinsu ne babbar cocin Fentikos ta ƙasar ta fito. Wasu daga masu bishara na farko sun tafi ƙasashen waje da zaton Ruhu ya riga ya ba su harshen mutanen can. Da suka isa aka kasa gane abin da suke faɗa, dole suka zauna suka koyi harshe kamar kowa.

Zango na biyu ya fara a 1960, lokacin da wani limamin cocin Episkofal a Kalifoniya, Dennis Bennett, ya sanar da jama'arsa cewa yana magana da harsuna. A 1967 abin ya shiga cikin Katolika ta hannun malamai da ɗaliban Jami'ar Duquesne. Waɗannan ba su bar tsofaffin cocinsu ba, su ake kira 'yan Karismatik, daga kalmar Girkanci mai nufin baiwa. Ƙididdigar da cibiyar bincike ta Pew ta fitar a 2011 ta nuna akwai 'yan Fentikos miliyan 279 da 'yan Karismatik miliyan 305, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na Kiristocin duniya. Mafi yawansu kuma a Afirka da Asiya da Kudancin Amurka suke.

A nawa nazarin, dalilai uku ne suka kawo wannan bunƙasa. Ba a buƙatar dogon karatu ko izinin wata hedikwata kafin mutum ya buɗe coci, shago ɗaya da benci sun isa. Sannan mishan na Turawa sukan ce maita da sammu da aljanu camfi ne, su kuwa waɗannan suka ce wa mutane abin da kuke tsoro gaskiya ne, ga addu'ar da ta fi ƙarfinsa. Na uku, baƙon da ya baro ƙauye ya shigo birni yakan samu dangi, da hanyar aiki, har da abokin aure a cikinsu.

A Nijeriya

Kiristancin da Arewa ta fara sani na mishan ne: SIM da ta iso a 1893, wadda ECWA ta fito daga cikinta a 1954, da SUM a 1904, da CMS ta su Likita Mila a Zariya. Makaranta da asibiti da littafin waƙoƙi su ne alamarsu. Fentikos ta wata hanya ta biyo.

Lokacin annobar mura ta 1918 wasu Yarabawa a Ijebu-Ode suka kafa ƙungiyar addu'a, suna neman waraka ba tare da magani ba. Irin waɗannan ƙungiyoyi ake kira Aladura, wato masu addu'a. A 1930 Joseph Babalola, tsohon direban injin daɓe hanya, ya jagoranci gagarumar falkaswa a Ilesha, daga wannan reshe ne Christ Apostolic Church ta fito. Ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan kasuwa daga Kudu su suka kawo waɗannan coci-coci unguwannin Sabon Gari.

Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, sabon salo ya taso daga jami'o'in Ibadan da Ife da Legas. William Kumuyi, malamin lissafi, ya fara Deeper Life a 1973. A shekarar ce aka ƙirƙiro bautar ƙasa, matasan Kudu suka shigo lungu-lungu na Arewa da wannan aƙida. Enoch Adeboye, shi ma malamin lissafi, ya karɓi jagorancin Redeemed a 1981. Cocin Living Faith ta David Oyedepo ta yi ƙuruciyarta a Kaduna a shekarun 1980, kafin ta koma Legas, sannan ta buɗe ɗakin ibada mai ɗaukar mutum 50,000 a Ota a 1999.

Da tattalin arziki ya karye, musamman bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, wa'azin arziki ya samu kasuwa: ka ba da ushiri da baiko, Allah zai ninka maka. Benson Idahosa na Benin, wanda ya rasu a 1998, shi ne jigon wannan salo. Su kansu Kirista da yawa na sukar sa, suna tambayar yadda fasto zai mallaki jirgin sama alhali mabiyansa na fama da kuɗin haya. Duk da haka tasirinsu ya kai ga wani faston Redeemed, Farfesa Yemi Osinbajo, ya zama Mataimakin Shugaban Ƙasa daga 2015 zuwa 2023. Yau kuma ga coci-cocin Nijeriya nan a biranen Ingila da Amurka suna yi wa Turawa wa'azi.

Kammalawa

Ya kamata mai karatu ya lura da zamani. Shekarun da wannan salo ya shigo Arewa su ne shekarun da Musulmi ma suke nasu yunƙurin gyara, aka kafa Izala a Jos a 1978, harkar ɗalibai Musulmi ta yi ƙarfi a makarantu. Kowane ɓangare na da matasa 'yan boko, da lasifika, da kaset, kowanne kuma ya fara da sukar dattawan gidansa kafin ya waiwayi maƙwabci. Sun haɗu a filin makaranta ɗaya ba su san tarihin juna ba. Rikicin Kafanchan na 1987 daga kwalejin horon malamai ya tashi.

A 1991 masu zanga-zanga na da kokensu: an hana Shaihu Ahmed Deedat irin izinin da aka ba Bonnke, tallan taron kuma ya ɓata wa mutane rai. Amma waɗanda abin ya rutsa da su, ta kowane ɓangare, da yawansu ba su da hannu a gayyatar ko a zanga-zangar. Abokin aikina bai san ko wa ya buga takardar tallan ba, amma sai da ya kwana da iyalinsa a barikin soja.

Sanin tarihin mutum ba yarda da aƙidarsa ba ne. Roƙona ga malamai shi ne, idan ɗalibi ya tambaya me ya sa wannan coci ke kiɗa har asuba waccan kuwa shiru, kada a ce masa duk ɗaya ne. A gaya masa daga ina kowacce ta fito. Allah Ya ba mu zaman lafiya, amin.