Daga Katin Wi-Fi Zuwa Modem: Yadda Intanet Ya Shigo Wudil Ta Iska

Bahaushe ya ari kalmar “waya” ne daga sunan zaren ƙarfen da Turawan mulkin mallaka suka ja a kan turaku don aika saƙon tangaraho. Daga nan aka sami gidan waya, da buga waya, da wayar tarho. Da saƙo ya fara tafiya ba tare da zaren ba, sai aka ce masa wayar iska. Ko rediyon da ya fara shiga gidajen Kano a 1944 ta waya ya shiga, domin akwati ne da ake ja wa zare daga tashar da ke kamo shirye-shirye tana rarrabawa. Yau kuwa abin da kowa ke kira waya ba shi da zare ko ɗaya.

A Sabon Garin Wudil, kimanin kilomita 40 daga Kano a kan hanyar Maiduguri, wannan tarihin yana da wata fuska. A Turai da Amurka, ɗan katin da ke haɗa kwamfuta da intanet ta iska ya zo ne don ya raba mutum da igiyar da ke tsakanin teburinsa da bango. A nan babu igiya a bangon tun farko. Shi ya sa sanya wannan na'ura da saita ta ya zama wani aiki dabam, mai masanansa da dabarunsa da irin tasa wahalar.

Asalin fasahar yana Jami'ar Hawai, inda Norman Abramson da abokan aikinsa suka kafa ALOHAnet a 1971. Rassan jami'ar suna warwatse a tsibirai, jan waya a tsakaninsu kuma tsada ne, sai suka haɗa kwamfutocin ta rediyo. Ka'idar da suka fito da ita ta yi kama da ladabin majalisa: idan biyu suka soma magana tare, kowa ya yi shiru, ya ɗan jira, sannan ya sake gwadawa. Na'urorin Wi-Fi na yau jikokin wannan ka'ida ne, sai dai su sukan saurara tukuna kafin su buɗe baki.

A 1985 hukumar sadarwa ta Amurka ta buɗe wasu zangunan rediyo ga kowa ba tare da lasisi ba, ciki har da zangon gigahaz 2.4. Ba kyauta ce mai daraja ba a lokacin, domin zango ne da na'urorin ɗumama abinci suka riga suka cika da hayaniya. Injiniyoyin kamfanin NCR a Holan suka yi amfani da damar suka ƙera WaveLAN, da niyyar haɗa injinan karɓar kuɗi na manyan kantuna. Ɗaya daga cikinsu, Vic Hayes, shi ya shugabanci kwamitin da ya fitar da ma'aunin 802.11 a 1997, mai gudun megabit 2 a daƙiƙa. A 1999 gudun ya kai megabit 11, Apple ya fitar da kwamfutar iBook da katinta na dala 99, wani kamfanin raɗa wa haja suna kuma ya ƙirƙiro kalmar Wi-Fi, wadda ba ta da wata ma'ana face daɗin faɗi.

Duk waɗannan mutane sun ɗauki abu guda a matsayin tabbas, wato akwai layi a gidan. Katin Wi-Fi ba ya kawo intanet. Aikinsa shi ne ya tsallake 'yan mitocin da ke tsakanin kwamfuta da wata na'ura mai rarrabawa, wadda ita ce ke manne da layin. Idan babu layin, katin ya zama guga ba rijiya.

Kafin 2001, layukan NITEL a duk Nijeriya ba su wuce kimanin 400,000 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 100. A Janairun shekarar hukumar NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula, MTN da Econet kowanne ya biya dala miliyan 285, suka fara aiki a watan Agusta, ana biyan naira 50 a minti. A wannan shekarar ce kuma Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kano ta buɗe a Wudil, zamanin mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na farko. Garin da aka fi sani da kogi da gada da kasuwar shanu ta ranar Juma'a ya wayi gari da ɗalibai da malamai masu buƙatar kwamfuta.

Buƙatar ba ta nishaɗi ba ce. Cikin 'yan shekaru, duba sakamakon WAEC da NECO, da rajistar JAMB, da neman aikin gwamnati duk suka koma intanet, kuma kowanne yana da ranar rufewa. Wanda sabis ya yanke masa a ranar ƙarshe yana iya asarar shekara guda. Shagunan intanet na wancan zamani sun dogara ne da faranti mai kallon tauraron ɗan'adam, ga tsada ga nawa, ko kuma da wani kamfani a birni da ya kafa doguwar hasumiya yana harba sabis zuwa eriyar da aka ɗaure a kan dogon bututu bisa rufin shago. Abin lura shi ne yawancin waɗannan eriyoyi a zangon 2.4 ɗin nan suke aiki. Fasahar da aka ƙera don faɗin kanti ɗaya, ita aka tilasta wa tsallake unguwanni. Gidauniyar Fantsuam a Kafanchan ta gwada irin wannan don haɗa makarantu da cibiyoyin al'umma, kuma manyan abokan gabarta su ne rashin wutar lantarki da tsawa.

Ga mai kwamfuta shi kaɗai, aikin yana farawa ne daga gano abin da ke hannunsa. Yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka da suka shigo arewa na hannu ne, sun gama aiki a ofisoshin Turai. Waɗanda aka ƙera bayan 2003, lokacin da Intel ya fitar da tsarin Centrino, sukan zo da katin a cikinsu. Tsofaffin kuwa sai an sayo musu kati mai faɗin katin shaida a zura ta gefe, ko ƙaramar sanda a soka a ramin USB. Kwamfutar tebur kuma sai an kwance murfinta.

Sanya ƙarfen shi ne mai sauƙi. Wahalar tana wajen manhajar da ke fassara tsakanin katin da kwamfutar, wadda masu gyara ke kira direba. Sabon kati yakan zo da faifan CD, amma na hannu ba ya zuwa da komai, kuma da zarar an wanke kwamfuta an sake ɗora mata Windows XP, direban ya tafi. A nan mutum ke faɗawa cikin wani zagaye mai ban haushi: yana buƙatar intanet don ya sauko da direba, yana kuma buƙatar direba don ya hau intanet. Sunan da ke jikin kwali ma ba ya taimako sosai, domin kamfanoni da yawa saye suke yi su lulluɓe. Ƙwaƙwalwar da ke ciki ta Realtek ce, ko Ralink, ko Atheros, ko Broadcom, kuma kati biyu masu suna ɗaya suna iya ɗauke da ƙwaƙwalwa dabam-dabam. Gwanin mai gyara shi ne wanda ya san ya buɗe jerin na'urorin kwamfutar, ya karanta lambar shaidar ƙarfen, ya lalubo direbanta a cikin tarin da ya adana a filashinsa. Wannan filashi jari ne, kuma ba kowa ake ara wa ba. Sau da yawa ma, bayan an sha wannan fama, sai a tarar da wani ɗan makunni ne a gefen kwamfutar aka kashe ba a sani ba.

Saura kuma tsaro. Makullin farko da aka yi wa Wi-Fi, mai suna WEP, masana sun nuna yadda ake fasa shi tun 2001, aka maye gurbinsa da WPA a 2003 da WPA2 a 2004. Amma tsohon kati bai san sabon makulli ba. Mai shago ko jami'in ofis da ke son kowa ya iya shiga yakan koma wa tsohon, ko ya bar ƙofar a buɗe. Tsufan kayan da ake shigowa da su ya sa rauninsu ya daɗe a nan bayan an manta da shi a inda aka ƙera su.

Na'urar da ta kai intanet ɗakin ɗalibi da gaske ba katin Wi-Fi ba ce. Modem ce, sandar nan mai kama da filashi wadda ake sa wa layin waya. A 2007 NCC ta ba kamfanoni huɗu lasisin 3G a kan dala miliyan 150 kowanne: MTN, da Globacom, da Celtel, da Alheri Engineering na rukunin Ɗangote, wanda daga baya lasisinsa ya koma hannun Etisalat. (Jami'ar Wudil ta koma ɗaukar sunan Aliko Ɗangote a 2022.) Starcomms da Multi-Links da Visafone su ma sun sayar da nasu modem ɗin a kan wata fasahar dabam, amma sun fi ƙarfi a manyan birane, kuma ba su yi tsawon rai ba. A 2010 igiyoyin ƙarƙashin teku na Main One da Glo-1 suka fara aiki a Legas, farashin data ya fara sassautowa.

Hikimar modem, musamman irin na Huawei da ZTE, ita ce ta warware wancan zagaye. Direbanta yana cikinta. Idan aka soka ta, sai ta fara bayyana wa kwamfuta kamar faifan CD, ta ɗora manhajarta, sannan ta rikiɗe ta koma modem. Abin da ya rage shi ne sunan mashigar kamfani, wanda ake kira APN, da lambar kira *99#. Masu gyara sun haddace su kamar karatun allo: gloflat na Glo, web.gprs.mtnnigeria.net na MTN. Kamfanin da ya fara da Econet ya koma Vmobile, ya koma Celtel, ya koma Zain, ya ƙare a Airtel, ya bar wa mutane aikin tantance wane saiti ne ke ci a wace shekara.

Amma sandar ta zo da takunkumi. Kamfani yakan sayar da ita da rahusa, ya kulle ta ga layinsa kaɗai. A Legas wannan ƙaramar damuwa ce. A garin da sabis ɗin wani kamfani ke kamawa a bakin titi ya ɓace a cikin unguwa, kulle modem daidai yake da ɗaure mutum a rijiyar da ke ƙafewa da rani. Sai sana'ar buɗe modem ta kunno kai, daga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano har ƙananan shagunan garuruwa. Ana ɗaukar lambar IMEI ta jikin sandar, a lissafo lambar buɗewa da wata manhaja, a sa layin wani kamfani, a shigar da lambar. Yawancin na Huawei dama goma suke bayarwa, wanda ya ƙare su da kuskure sandarsa ta kulle. Kamfanoni sun ɗauki wannan a matsayin ɓarna, kuma ta fuskar kasuwancinsu suna da hujja. Sai dai wanda ya sayar da kulle bai sayar da tabbacin sabis tare da shi ba, kuma buɗe modem ya tilasta musu gasar da talla ba ta tilasta ba.

Akwai kuma ilimin da ba ya cikin kowane littafin umarni. Rufin kwano yana mayar da igiyar rediyo, bango mai kauri yana shanye ta. Don haka ake sayen doguwar igiyar USB a rataye modem a taga, ko a tura ta waje ta saman ƙofa. Wanda ya sayi na'urar da ba ta buƙatar waya sai da ya ƙara kuɗi ya sayi waya.

Zamanin modem bai wuce shekara goma ba. Wayoyin Android masu sauƙin kuɗi, irin su Tecno da Itel da Infinix, sun zo da damar mayar da waya tashar rarraba sabis, 4G kuma ya bazu daga 2016. A nan ne katin Wi-Fi da ya daɗe yana zaman banza a cikin kwamfutoci ya sami abin kamawa. Layin da injiniyoyin Holan suka zaci yana bango ya iso, amma a aljihu.

Da wahalar direba ta ragu, sai shingen ya koma wani wuri. Daga Disambar 2020 gwamnatin tarayya ta wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, saboda haka matakin farko na saita intanet ya zama bin layi a ofishin rajista. A Satumbar 2021 aka rufe sadarwa a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda yaƙi da 'yan bindiga, mutane suka riƙa tafiya garuruwan maƙwabta don aika saƙo ko karɓar kuɗi. A Maris na 2024 igiyoyin teku suka lalace a gaɓar Kodebuwa, bankuna da ofisoshi a Nijeriya suka ji a jikinsu. Ba saitin da mai kwamfuta zai taɓa a irin waɗannan ranaku. Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023 kafin kowace ƙasar Afirka, ya dawo da farantin tauraron ɗan'adam kan rufi, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin ɗalibi.

Ƙaramar sandar Wi-Fi ba ta ɓace ba. Ta ƙanƙance ta koma kamar ƙwayar gyaɗa, kuma masu shagunan buga takardu da rajistar jarrabawa suna sayenta don tsofaffin kwamfutocin tebur da ba su da kati. Windows 10 yakan gane yawancinsu da kansa. Idan bai gane ba, kuma kwamfutar ba ta da wurin sa faifan da ya zo cikin kwalin, mai gyara yakan ciro igiyar caji, ya haɗa wayarsa da kwamfutar, ya ara mata sabis na 'yan mintuna har direban ya sauka, sannan ya zare igiyar.