Kinwa: Yadda ake dafa ƙwayar tsaunukan Andis ba ɗaci ba caɓewa

A manyan kantunan Landan, Jidda ko New York, ana samun wata ƙwaya mai kama da gero a jere kusa da shinkafa, an rubuta Quinoa a jikin ledarta, ana kuma furta sunan da "kinwa". Mutane da dama kan saye ta bayan likita ya ba su shawarar rage farar shinkafa, amma da yawa ba sa sake waiwayarta bayan girkin farko, domin ko dai ta yi ɗaci ko ta caɓe. Ga shi kuma ta fi shinkafa tsada. Duka matsalolin biyu daga wajen wanki da awon ruwa suke tasowa, kuma suna da sauƙin magancewa.

Asalinta

Kinwa ta samo asali ne daga tsaunukan Andis na Kudancin Amurka, musamman kewayen tafkin Titikaka da ke kan iyakar Peru da Bolibiya, inda aka shafe dubban shekaru ana nomanta. Tana jure sanyi da fari da ƙasa mai gishiri, kuma tana yi a tudun da ya kai kusan mita 4,000, inda masara ba ta iya rayuwa. Har yau Peru da Bolibiya ne kan gaba wajen nomanta a duniya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2013 a matsayin shekarar kinwa ta duniya.

Ko da yake ana dafa ta kamar hatsi, a ilimin tsirrai ba dangin gero ko dawa ba ce. 'Yar uwar alayyafo ce, gidansu ɗaya.

Daga ina ɗacin yake?

Kowace ƙwaya tana lulluɓe da wani sinadari mai suna safonin, wanda ke kare ta daga tsuntsaye da ƙwari a gona. Shi ne ke kawo ɗaci, kuma shi ne ke yin kumfa kamar sabulu idan aka zuba ruwa. Kamfanoni kan cire mafi yawansa kafin a zuba ta a leda, amma sau da yawa akan samu saura.

Saboda haka wanki ne matakin farko. A zuba kinwa a rariya mai ƙananan ƙofofi, domin ƙwayoyin kan zube ta rariyar taliya. A sakar mata ruwan sanyi ana murzawa da hannu har sai kumfa ya daina fita, ruwan ya yi fes. Minti ɗaya ko biyu ya isa. Idan babu irin wannan rariya, a wanke a kwano kamar yadda ake wanke acca, ana tsiyaye ruwan a hankali, sannan a tace da tsaftataccen ƙyalle. A bar ta ta tsane sosai.

Awon ruwa da lokaci

Awon da aka fi sani shi ne kofi ɗaya na kinwa, kofi biyu na ruwa. Wanda yake son ta fito wara-wara sai ya rage ruwan zuwa kofi ɗaya da kashi uku cikin huɗu, tunda ƙwayar da aka wanke ta riga ta sha ɗan ruwa. Kofi ɗaya kan ba da kusan kofi uku bayan dahuwa.

A zuba kinwa da ruwa da ɗan gishiri a tukunya mai murfi mai kama baki. Da zarar ta tafasa, a rage wuta ƙasa sosai, a rufe, a bar ta kimanin minti 15. Ba a juyawa, ba a kuma yawan buɗe murfi, domin juyi yana farfasa ƙwayar, buɗewa kuma yana fitar da tururin da ke dafa ta.

Alamar dahuwa a bayyane take: ƙwayar za ta yi haske, wani ɗan farin zare mai lanƙwasa zai ɓalle daga jikinta. Wannan zaren shi ne ɗan tsiron da ke zagaye da ƙwayar.

Daga nan sai matakin da masu gaggawa suka fi tsallakewa. A sauke tukunyar, a bar ta a rufe na minti 5 zuwa 10, domin sauran danshin ya shige cikin ƙwayar. Bayan haka a warware ta da cokali mai yatsu. Idan an ga ruwa ya rage a gindin tukunya, a tsiyaye shi, a mayar kan wuta kaɗan na minti biyu.

Launi da ɗanɗano

Kala uku aka fi samu a kasuwa. Fara ta fi laushi da saurin dahuwa, ita ce ta fi dacewa da mai fara gwadawa. Ja da baƙa sun fi tauri, sukan buƙaci ƙarin 'yan mintuna, kuma ba sa saurin caɓewa, shi ya sa ake zuba su a salak.

Kinwa ba ta da ƙarfin ɗanɗano, tana ɗaukar na abin da aka dafa ta da shi. Soya ta sama-sama a ɗan mai na minti biyu ko uku kafin a zuba ruwa yana fito da ƙamshi mai kama da na soyayyar gyaɗa. Ana iya maye gurbin ruwa da romon kaza ko na nama. Tana shiga da miyar dage-dage, ana yin dafa-duka da ita, ana kuma haɗa ta da zogale da albasa da mai kamar dambu. A dafa-duka, a lissafa ruwan tumatir cikin awon ruwa.

Abin da ke cikinta

Giram 100 na dafaffiyar kinwa na ɗauke da kimanin giram 4 na furotin da kusan giram 3 na harza, wato ɓangaren abinci da ke taimaka wa hanji, yayin da farar shinkafa ba ta kai giram ɗaya na harza ba. Furotin ɗinta ya ƙunshi dukkan sinadaran amino tara da jiki ba ya iya samarwa da kansa. Kamar acca, ba ta da gulutin, sinadarin alkama da ke cutar da wasu mutane.

Sai dai ba magani ba ce. A cikin giram 100 ɗin akwai kimanin giram 21 na sinadarin da jiki ke mayarwa sukari, don haka mai ciwon sukari yana buƙatar auna abin da zai ci, ya kuma bi shawarar likitansa.

Wadda ta rage a bari ta huce, a zuba a roba mai murfi a saka a firiji, inda za ta yi kwana uku zuwa huɗu. Idan za a ɗumama, a yayyafa mata ɗan ruwa, a rufe, a ɗora kan wuta kaɗan.