Mas'alar Ciyar da Dabbobi da Ragowar Tafkin Kifi

Tun da kiwon tarwaɗa ya bunƙasa a Nijeriya, har ta zama kan gaba cikin ƙasashen da ke kiwonta, sai masu tafkuna suka shiga lissafin abin da za su yi da kawuna da kayan ciki da kifin da ya wayi gari a mace, domin kuwa abinci shi ne ke cinye mafi yawan jarin mai kiwo, zubar da nama kuma a idonsa almubazzaranci ne. Saboda haka ake dafa ragowar a ba kaji, ko a jefa wa sauran kifayen. Hujjata a nan ita ce, ragowar nan ba jinsi ɗaya ba ce, kuma tattara ta ƙarƙashin hukunci guda shi ne asalin hatsarin.

Kayan cikin lafiyayyen kifin da aka yanka da safe, in an gaggauta dafa su, abinci ne mai amfani. Amma in suka yini cikin zafin bazara sai su ruɓe, ƙwayoyin cuta irin su salmonela su yaɗu, histamin ya taru, shi kuwa tafasa ba ta kashe shi. An kuma san cewa garin kifin da aka yi da ruɓaɓɓen kifi, aka ƙona shi fiye da kima, yana cin ƙundun kaza.

Mataccen kifin tafki shi ne babbar mas'ala. Haƙiƙa mafi yawan malaman fiƙihu sun halatta mushen kifi, sai dai halaccin magana ce ta tsarki, ba shaida ba ce a kan abin da ya kashe shi. Wani lokaci kafin kifi ya mutu an riga an ga alamar ciwo an zuba magani cikin ruwa, misali okzitetrasaiklin, wanda ragowarsa ke zama cikin tsoka, ta shiga kaza, daga nan ta kai ƙwai, alhali kuwa ƙwayoyin cutar da suka saba da ɗan ƙaramin magani su ne ke gagararsa daga baya. Haka zaiba da dalma, in ruwan ya gurɓata, suna taruwa cikin jikin kifi, wuta kuma ba ta taɓa su.

Turawa sun koyi wannan darasi da tsada. A shekarar 1986 aka gano cutar haukan shanu a Birtaniya, sanadinta kuwa ciyar da shanu da garin nama da ƙashin 'yan uwansu. Aka hana hakan a 1988, amma sai a 1996 hukuma ta bayyana cewa mai yiwuwa cutar ta kai ga mutane. Ba na cewa kifi na ɗauke da irin wannan cuta, sai dai ƙiyasin ya isa har dokar Tarayyar Turai ta 2009 ta hana ciyar da kifin kiwo da naman jinsinsa da aka kiwata.

Abin mamaki, magabatanmu sun riga sun tattauna makamancin haka a babin jallala, wato dabbar da ke cin najasa, inda wasu malamai suka ce a tsare kaza kwana uku a kan abinci mai tsarki kafin a yanka ta. Likitocin dabbobi ma suna da wa'adin jira bayan ba da magani, amma mataccen kifi bai cika wa'adin ba, kazar da ta ci shi kuma babu mai ƙirga mata kwanaki.