Bashi Sau Bashi: Taƙaitaccen Tarihin Wata Ƙa'idar Lissafi

Da yawa daga cikinmu mun haddace cewa (-3) × (-2) = 6, ba tare da an faɗa mana dalili ba. Nufina a wannan 'yar muƙala shi ne in nuna wa 'yan'uwana ɗalibai cewa ba malamai suka ƙago wannan ƙa'ida don son rai ba, lissafin ne da kansa ya tilasta ta.

A shekarar 628 wani masani na ƙasar Indiya, Brahmagupta, ya rubuta ƙa'idar. Ya kira lambar da ke sama da sifili dukiya, ta ƙasa da sifili kuwa bashi, ya ce bashi sau bashi dukiya ne. Sai dai bai kawo hujja ba, kuma kowane ɗan kasuwa zai yi masa musu.

Wajen shekarar 820, a Bagadaza, Alkawarizmi ya kawo misali cikin littafinsa na aljabra: goma ba ɗaya sau goma ba ɗaya. Goma sau goma ɗari ne. A ɗebe goma sau biyu, saura 80. To, amma kowa ya san tara sau tara 81 ne. Ina ɗayan ya shiga? An ɗebe shi sau biyu ne, don haka tilas a mayar da shi. Wato ɗayan da aka rage, sau ɗayan da aka rage, ƙari yake haifarwa.

Duk da haka masanan Turai sun daɗe suna ɗari-ɗari. A 1545 Cardano na Italiya ya kira irin waɗannan lambobi na ƙage, a 1758 kuma Maseres na Ingila ya nemi a kore su daga aljabra. A 1867 Hankel na Jamus ya daidaita zancen: idan ana son dokokin lissafi su ci gaba da aiki ƙasa da sifili, babu wata mafita. Ga misali: 3 + (-3) = 0. A ninka kowace lamba da -2. Ta farko za ta ba da -6, jimla kuwa dole ta zauna sifili, saboda haka ta biyu ba ta da zaɓi sai 6.

A ganina, ɗalibin da ya tambayi dalili bai yi wauta ba, tun da masana sun shafe fiye da shekara 1200 kafin su gamsu. Haƙƙinsa ne a nuna masa hujjar, kada a ce ya haddace kurum.