Yadda intanet ta shiga gidajen Agadas

Nijar ba ta da gaɓar teku, kuma manyan wayoyin da ke ɗauke da intanet tsakanin nahiyoyi a ƙarƙashin teku suke. Abin da zai iso Agadas sai ya fara sauka a wata ƙasa maƙwabciya, ya hau zuwa Yamai, sannan ya yi tafiyar kilomita fiye da 900 zuwa ƙafar duwatsun Abzin. Wannan nisa shi ya daɗe yana yanke wa garin saurin da zai samu da kuɗin da zai biya.

A ƙarshen shekarun 1990 kamfanin gwamnati Sonitel ne kaɗai ƙofar shiga, ta layin tarho na gida. Layukan ba su da yawa ko a babban birni, balle a arewa. Ofisoshi da ƙungiyoyin agaji da kamfanonin yuraniyom na Arlit sun dogara da faifan tauraron ɗan'adam, mai tsada da jinkiri, domin tauraron yana sama da nisan kilomita kusan 36,000, saƙo kan yi fiye da rabin daƙiƙa kafin amsa ta dawo. Talaka kuwa sai ya je sibar, wato shagon intanet, ya sayi awa. Da aka haɗa ƙasar da wayar teku ta SAT-3 ta Kwatano abin ya ɗan yi sauƙi, amma a watan Yuli na 2009 wayar ta lalace, Nijar ta ga illar rataya a igiya ɗaya.

ADSL, wadda ta kai intanet mai sauri gidajen Turai, ba ta yi tasiri sosai a nan ba. Tana bin wayar tagulla, kuma saurinta na raguwa gwargwadon nisan gida daga ofishin tarho. A garin da yawancin gidaje ba su taɓa ja layi ba, babu inda za ta bi. Wayar salula ce ta cike gurbin. Celtel ta fara aiki a 2001, ta koma Zain a 2008, sannan Airtel a 2010. Orange ta shigo a 2008, aka sayar da ita a 2019, ita ce Zamani Telecom ta yau. Telecel ta zama Moov. Sonitel da SahelCom aka haɗe su a 2016 suka zama Niger Telecom. Da zuwan 3G, daga baya 4G, intanet ɗin gida ta zama ƙaramin akwati mai katin SIM, ko wayar mai gida da yara ke jona wa.

A nan bambanci tsakanin kamfanoni ya fi fitowa, kuma ba kasafai yake bin abin da talla ta faɗa ba. Eriya ɗaya unguwa duka ke rabawa, shi ya sa rezo kan yi kyau da asuba ya yi nauyi bayan magariba. Sai abin da ke bayan eriyar: wadda aka jona da wayar gilashi ta fi wadda ke miƙa saƙo daga hasumiya zuwa hasumiya. Katangun laka masu kauri na tsohon gari, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, suna tare zafi, suna kuma rage ƙarfin sigina. Wutar lantarki ma tana da hannu, tunda garin ya daɗe yana dogaro da tashar gawayi ta Sonichar da ke Cirozerin, in ta ɗauke akwatin gida ya mutu.

Gyaran tushe shi ne shimfiɗa wayar gilashi. An ja ta daga kudu zuwa Agadas da Arlit, sannan aikin layin ƙetare Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya ba kuɗi, ya ɗauki ɓangaren Arlit zuwa Assamaka a kan iyakar Aljeriya, domin arewa ta samu mafita ta Bahar Rum. Sai dai isowar waya gari daban, shigarta gida daban, kuma ofisoshi da bankuna ne suka fara morewa.

Starlink ta samu izini a 2024, ta fara aiki a Nijar a watan Maris na 2025. Taurarinta na yawo a nisan 'yan ɗaruruwan kilomita kacal, don haka jinkirin tsohon faifai ya kau, kuma ba ruwanta da nisan Yamai. Kuɗin na'ura da na wata sun fi ƙarfin yawancin magidanta, shi ya sa mai hali kan saya ya kafa wifi a ƙofar gida ko shago, yana sayar wa maƙwabta tikitin awa ko na yini.