Fatar Washi: Tarihin Wani Guntun Ƙirgi a Zabirar Wanzaman Sabo

Wannan karon za mu ɗan waiwayi wani abu da kowannenmu ya gani da idonsa tun yana yaro, amma ba kowa ya taɓa tambayar asalinsa ba, wato guntun fatar nan da wanzami ke goga aska a kai kafin ya ɗora ta a kan mutum. Mu da muka tashi a nan Ibadan muna tuna ƙarar nan tata, fat-fat, ranar Juma'a da hantsi, yara na layi ana yi musu ƙwalƙwal kafin a tafi masallaci.

An keɓe wa iyayenmu wannan unguwa a shekarar 1916. Abin da ya kawo su Kurmi shi ne shanu da goro. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan daga Ikko a 1901, dogo kuma ya kai Kano a 1911, sai hanya ta buɗe. To, duk inda Bahaushe ya sauka, mutum uku ba sa daɗewa ba su biyo shi ba: malami da mahauci da wanzami. Ba a yin suna sai an yi wa jariri aski ran bakwai, ga kaciya, ga ƙaho. Haka wanzamai suka sauko da zabirarsu, cikinta asake da dutsen washi da fata.

Dutse da fata kowanne da aikinsa. Dutse yana cin ƙarfe ya fito da sabon baki. Ita kuwa fata kusan ba ta cin komai. Bakin aska siriri ne ƙwarai, in an yi aski sai ya ɗan lanƙwashe yadda ido ba ya gani, fatar ce ke miƙar da shi ta kuma goge shi. Shi ya sa ake jan askar da baya, wato ƙeyarta na gaba bakinta na biye. Wanda ya tura baki gaba ya yanka fatarsa. Mai fata tagari yakan daɗe bai koma kan dutse ba, askarsa kuma ta yi shekaru ba ta cinye ba.

Kowa ya san arewa gidan fata ce. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda majema ke jemewa da bagaruwa a rina ta da karan dafi, ta ƙetare hamada shekaru aru-aru, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can take isa gare su. Amma duk darajarta ba ita ce ta washi ba. Ta akuya ba ta da kauri kuma tana miƙewa, aikinta jaka da laya da ita kanta zabirar. Ta tunkiya ta cika laushi, aska na nutsewa cikinta sai bakin ya dakushe maimakon ya tashi. Abin da wanzamai suka fi nema shi ne ƙirgi, fatar saniya jemammiya, kuma daga gadon baya, inda ta fi tauri da santsi. Ta wajen ciki sakwa-sakwa ce. Sukan shafa da yatsa su tabbatar babu tabon kaska ko na lalas ko shatar bulala, domin ɗan tudu ɗaya ya isa ya ɓata bakin aska. Faɗin yatsa uku ya wadatar.

Su ma Turawa haka suka yi ta tankaɗe da rairaya. Masu aski da asaken Shafil ta Ingila da na Solinjin ta Jamus sun fi girmama fatar doki, musamman ta wajen ɗuwawu, sannan ta saniya, sukan kuma haɗa ta da ƙyallen lilin da ake fara goga askar a kai. Mu doki ba abin fiɗa ba ne a wurinmu, balle a Kurmi inda ƙudan tsando ba ya barinsa ya yi ƙarko. Saniya dai ita ce tamu.

Da wanzaman suka zauna a nan, sai suka ci karo da abu biyu da ba su sani ba a gida. Na farko laima. A arewa fata bushewa take yi ta tsage lokacin hunturu, sai a ɗan shafa mata man kaɗe. A nan kuwa damina doguwa ce, fata na yin fumfuna, aska na tsatsa cikin kwana kaɗan, wanda ya cika wa fatarsa mai sai ta yi danƙo. Dole suka koyi rataye ta inda iska ke kaɗawa, su rage mai. Na biyu ganda, wadda maƙwabtanmu Yarbawa ke kira fomo. Ga shanu ana yankawa kullum, amma fatar tukunya take tafiya, ba ta isa hannun majemi. Saboda haka garin da ke cike da shanu ya zama sai an aiko masa da ƙirgi daga Kano. Mu 'yan kasuwa mun sha karɓar saƙon wanzami in za mu gida: don Allah Alhaji, a biya wajen dukawa a yanko mini mai kyau.

Daga baya zamani ya juya. Wani Ba'amurke, King Camp Gillette, ya sami rajistar rezarsa a 1904, wadda ake aski da ita a yar, ba washi ba fata. Sannu a hankali ta cika kantuna, injin aski ya biyo baya. Ita ma jima ta sake: masana'antu suka koma jima da sinadarin kurom, mai sauri, wanda ke ba da fata mai laushi ta takalmi da kujera, amma ba ta da tsayuwar ta bagaruwa. In ka yanka ta za ka ga cikinta shuɗi-shuɗi. Wasu samari suka koma yanko tsohon bel na gwanjo, alhali da yawansu roba ce aka yi wa fenti, wasu ma fatar alade ce, wadda ake ganewa da ƙananan ramukan gashi uku-uku.

Sai babbar jarrabawa. A 1986 aka ba da sanarwar samun cutar ƙanjamau a Nijeriya, ga kuma ciwon hanta da ke bin jini. Ƙarfe ana iya dafa shi, fata kuwa ba ta dafuwa. Askar da ta taɓa jini in aka goga ta a fata kafin a tsabtace ta, an ajiye dattin a inda wanki ba ya kaiwa. Mutane da yawa suka guji wanzami, wasu kuma suka fara zuwa da rezarsu, kuma ba mu ga laifinsu ba.

Don haka muna kira ga Sarkin Aska da mutanensa, cikin girmamawa. A wasa aska tukuna, sannan a wanke ta a dafa, kada ta koma kan fata sai an sake tsabtace ta. Aikin jini kamar kaciya da ƙaho a yi shi da sabuwar reza, kowa da tasa. Mu kuma masu zirga-zirga mu ci gaba da ɗauko ƙirgin bagaruwa daga gida, don majema su sami ciniki, yaran wanzamai kuma su san abin da kakanninsu ke dubawa in sun shafa fata. Dattawan da suka iya wannan zaɓe sun ragu ƙwarai a unguwar nan. Wanda ke da irinsu a gida ya zauna da su ya tambaya tun suna raye.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, amin.